Yadda zaka fara tara littattafan waƙe masu sa hannu da wasiƙun sha'irai a Kumasi

Tun da na nuna wa wasu abokai wani ɗan diwani da na samu a Aboabo, mai rubutun kyauta a shafin farko, ban huta da tambaya ba, wai ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, kuma ya ake gane na gaske da na bogi. To gashi na zauna na jera komai yadda nake yi. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu, ba tsufan takarda kake saye ba, labarin hannayen da ta bi har ta iso gareka kake saye, kamar yadda malamai suke neman isnadi a karatu.

1. Zaɓi layi ɗaya tukuna

A nan zongo abinda zaka iya samu kashi huɗu ne. Akwai waƙoƙin ajami da larabci na rubutun hannu, irin na Alhaji Umaru Karachi, babban malami kuma sha'irin da ya zauna a garin Kete Karachi, da almajiransa. Akwai ƙananan littattafan waƙe na boko da aka buga a Zariya waɗanda 'yan kasuwa da alhazai suka shigo da su. Akwai wasiƙu, har da waɗanda Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha da manyan almajiransa suka aiko wa mutanen Gana. Sai kuma littattafan sha'iran Gana masu rubutu da turanci, su Kofi Awoonor da Atukwei Okai.

Ɗauki ɗaya. Wanda yace zai tara duka a shekarar farko, kwali biyu na tarkace zai tara. Ni da boko na fara saboda ya fi sauƙin tantancewa, kuma in an cuce ka asarar bata da yawa.

2. Kayan aiki

Ba wasu masu tsada bane. Madubin ƙara girman rubutu irin na masu gyaran agogo ko gyaran waya, zaka samu a Kejetia ko Adum. Ƙaramar tocila. Fensir da littafin rubutu mai bango mai ƙarfi. Rula. Buroshi mai laushi sabo, irin na kwalliyar mata ya isa. Farar takarda mara layi mai yawa, da kwali mai kauri guda biyu da zaka sa takarda a tsakani in zaka shiga trotro, wato motar haya, da ita. Sai wayarka, ka tabbata akwai caji da wuri a cikinta.

Ni duk wata sidi 200 nake warewa, kuma wallahi fiye da rabi a kuɗin mota da goro da gaisuwa yake tafiya, ba a sayen takarda ba. Ka sa wannan a lissafinka.

Gargaɗi: kar ka shiga da biro kusa da takardun mutane, fensir kawai. Kuma kar ka sa safar hannu, zata sa ka kasa jin gefen takarda ka yaga. Wanke hannu da sabulu, ka bari ya bushe sosai.

3. Inda ake samu

Masu sayar da littattafan addini a bakin babban masallaci da cikin Alabar da Asawase su ne ƙofar farko. Sababbi suke sayarwa, amma sun san gidan da malami ya rasu aka bar akwati, kuma wani lokaci magada su suke kawo wa tsofaffin littattafai. Ka dinga sayen wani abu a wajensu ko ƙarami ne, kar ka zama mai zuwa tambaya kullum hannu rabbana.

Sai masu shimfiɗa tsofaffin littattafan makaranta a gefen titi, a can ake tsintar na turanci, ka dinga buɗe shafin farko na kowane littafin waƙe, minti ɗaya ne. In ka ga sunan George Awoonor-Williams kar ka wuce, sunan da Kofi Awoonor ya fara bugawa da shi kenan.

Amma ainihin kayan suna cikin gidaje, a ƙarƙashin gado, cikin akwatin ƙarfe ko gafaka. Lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi a 1969 mutane da yawa sun tafi cikin gaggawa sun bar kaya a hannun maƙwabta da surukai, shi yasa zaka ga takardun wani malami a gidan da ba nasa ba. In layinka na ajami ne kuma dole wata rana ka hau mota zuwa Salaga ko Kete Karachi ko Yandi, amma kar ka je sai da wanda zai gabatar da kai.

4. Yadda ake shiga gida

Nan mutane suka fi ɓata lamari. Kar ka taɓa zuwa ranar farko da maganar saye. Nemi wanda ya san gidan, limamin unguwa ko wani tsohon almajirin marigayin, ya raka ka. Riƙe goro, eh na sani kawo goro a Kumasi kamar kai gishiri bakin teku ne, amma ladabi ne. Ka gaisa yadda ya kamata, in malami ne "Allah gafarta Malam, na zo ne in ga rubutun Baba in samu albarka", in tsohuwa ce ke riƙe da makullin akwatin, kuma sau da yawa ita ce, "Hajiya sannu da hutawa, ance kayan Malam suna hannunki". Kayi wa marigayin addu'a. In an ce ka dawo, ka dawo, akwai gidan da sai a zuwa na biyar aka buɗe min akwati.

Gargaɗi babba: takardun mamaci gado ne. In wani saurayi a gidan ya ja ka gefe yace kawo wani abu in ɗauko maka, ka gudu. Na taɓa faɗawa, na biya wani jika kuɗin wasiƙu uku, bayan sati biyu baffansa ya zo har shagona da mutum biyu, na mayar da wasiƙun, kuɗin kuma ko peswa ban gani ba, sannan aka rufe min ƙofar gidaje biyu a unguwar saboda labari ya zaga. Sai babban gida ya sani kuma sauran magada sun yarda.

Wani abu kuma, a cikin akwatin malami akwai takardun da ba naka bane ko kallo, laƙani, hatimi, sunayen mutanen da aka yi wa addu'a, lissafin bashi. In ka gansu ka kife ka wuce, ka faɗa musu tun farko cewa waƙa da wasiƙa kawai kake nema.

5. Hoto kafin komai

Littattafanmu na da ba a ɗinke su, warwara suke a cikin tadarishi, wato bangon fata da ake naɗe su ciki. Da ka birkita jerin ganyen ka jawo wa kanka aikin wata guda. Dan haka ka ɗauki hoton kowane shafi yadda ka same shi, gaba da baya, a inuwa kusa da ƙofa, ba filasha, da rula a gefe. In jerin ya riga ya rikice, duba ƙasan shafi ta hagu, marubuta sukan sa kalmar farko ta ganye mai zuwa a wurin, da ita zaka mayar da kowanne mazauninsa.

Gargaɗi: kar ka lashi yatsa ka buɗe shafi. Tawadar gargajiya ta gawayi da ƙaro ruwa yana wanke ta, ai ita ake wankewa a allo a sha. Gumi ma yana ɗaukar ta.

In sun ƙi sayarwa amma sun yarda da hoto, ka ci riba. Haka Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon tayi a shekarun 1960, ana aro a ɗauki hoto a mayar wa masu shi. Ka buga musu kwafi mai kyau ka kai musu, wannan kwafin shi yake buɗe maka gida na gaba.

6. Tantancewa

Nan zan daɗe, saboda nan kuɗi yake ɓata. Ka'idar ita ce ka nemi abinda ba zai yiwu ba. Ba sai ka zama masani ba, shekaru kawai zaka haɗa.

Fara da shekarar rasuwa. Alhaji Umaru Karachi ya rasu a 1934, biro kuwa bai shigo kasuwa ba sai bayan yaƙin duniya na biyu. To duk rubutun biro da aka ce hannunsa ne, magana ta ƙare. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja duka a shekarun 1950 suka rasu, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya kuma a 1966 aka kafa shi, kaga littafi bugun NNPC da sa hannun ɗaya daga cikinsu ƙarya ce tsagwaronta. Wanda zai iya ɗaukar sa hannunsu sai bugun shekarun 1950, na NORLA, tsohuwar hukumar buga littattafai ta Arewacin Najeriya, ko kamfanin Gaskiya. Aliyu Namangi makaho ne, waƙoƙinsa faɗa yake a rubuta, dan haka in an kawo maka dogon rubutu mai kyau an ce da hannunsa yayi, ka yi murmushi ka miƙa musu abinsu. Shehu Ibrahim Inyass ya rasu a 1975, kuma manya irinsa suna da marubuta, wasiƙa zata iya zama tasa ta gaskiya amma hannun almajiri ne ya rubuta. Tana da daraja, sai dai ba farashi ɗaya ba, kuma a rajistarka ka rubuta haka.

Sai ka duba jikin littafin. In farashin da ke bango da naira ne, ba a buga shi kafin 1973 ba, na da da sule da sisi suke. In akwai lambar ISBN, bai wuce 1970 baya ba. In sa hannun yana ɗauke da shekarar da ta riga shekarar bugun, ka gama bincike. Wasiƙa kuma ambulan ɗinta rabin shaida ne, kan sarki mai Gold Coast kafin 'yancin kai na 1957 ne, mai Ghana daga 1957 zuwa sama, kuma kuɗin sidi da peswa sai 1965 suka fara, har cikin wasiƙar in an ambaci sidi ka lura. Tsofaffin wasiƙun fatake dai da hannu ake kai su, rashin kan sarki ba laifi bane, a irinsu layin ninki zaka duba, ya kasance datti da laushi sun bi ninkin.

A rubutun hannu, ɗaga ganyen ka haska tocila ta baya. Tsohuwar takardar da ta zo ta hamada daga Italiya sau da yawa zaka ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta. Amma kar wannan ya ruɗe ka, tsufan takarda ba ya nuna wa ya rubuta a kanta.

Je ƙarshen waƙar. Sha'iranmu sukan faɗi sunansu a baitocin ƙarshe, sannan su sa shekara da ramzi, wato haruffa a madadin lamba. A lissafin da malamanmu suke bi, na magaribi, shin 1000 ne, sin 300, ra 200. Dan haka ramzin da ya fara da shin da sin yana cikin 1300 da wani abu na hijira, misali shin, sin, nun, jim ya baka 1353, shekarar da Alhaji Umaru ya rasu. 1300 ta hijira ta faɗo a 1882 zuwa 1883, daga nan zaka iya ƙirgawa. In kayi amfani da lissafin gabas da ke cikin littattafan Masar zaka sami wata shekara daban, kuskuren da kusan kowa yake yi kenan.

To ga inda aka fi zamewa. Sunan sha'iri a cikin baiti da ramzi, shekarar da aka tsara waƙar suke nunawa, duk almajirin da ya kwafa zai kwafe su yadda suke ko bayan shekara hamsin ne. Abinda kake nema shine bayan an ce tammat, wato an kammala, inda mai rubutu yake cewa da hannun wane, mallakar wane. Waƙoƙin Alhaji Umaru almajirai sun kwafe su ba iyaka, mafi yawan abinda ke yawo kwafi ne. Kwafin almajiri abu ne mai kyau, ni ina da su ina kuma alfahari da su, kawai ka biya kuɗin kwafi.

Akwai kuma bugun kasuwa na Kano, inda ake ɗaukar rubutun hannu a buga da inji, in ya tsufa yayi ja sai ka rantse alƙalami ne. Sa madubi. Rubutun alƙalami tawadarsa tana kauri a farkon tsoma tana sirancewa kafin a sake tsomawa, na inji kuwa bai ɗaya yake ko'ina. Haka sa hannun biro, juya shafin ka shafa bayansa da tocila a karkace, zaka ga inda ya danna takarda. Fotokwafi baya dannawa.

Daga ƙarshe kai wa dattijon da ya yi karatu a hannun mai rubutun ko a hannun almajirinsa. Tsofaffin almajirai suna gane hannun malaminsu kamar yadda kake gane muryar mahaifinka a waya. Kar ka gaya masa abinda aka ce maka, miƙa masa kawai kace "Baba, wannan hannun wa ne?"

7. Ciniki

Ba wani tsayayyen farashi a wannan harka. Abinda ke ɗaga kuɗi: hannun sha'irin da kansa, sunan wanda aka rubuta wa, kwanan wata, cikar ganye, da ambulan. Sa hannu tsirara ba suna ba rana shine mafi arha kuma shi aka fi ƙirƙira. Wasiƙar da sha'iri yake maganar waƙarsa a ciki ko ya sa baiti biyu ta fi ta gaisuwa zalla nesa ba kusa ba.

A gida kar kayi ciniki irin na Kejetia. Ka bari su faɗa, in sun ce "abinda ka ga dama" to kar ka mai da kunyarsu riba, ka bada abinda in an ji a unguwa ba zaka sunkuyar da kai ba. Wasu gidajen basa son kalmar saye ma, sai dai kace tukuici.

Ka rubuta 'yar takarda a wurin: me aka baka, ganye nawa, na waye, ya aka yi ya zo gidan, wa ya bayar, rana, da shaidu biyu. In ka biya ta momo, wato tura kuɗi ta waya, ka ajiye saƙon. In Hajiya ta yarda ka ɗauki muryarta tana bada labarin, wannan minti biyar ɗin wata rana ya fi takardar kanta wuyar samu.

Gargaɗi: mai turo hoto ta WhatsApp yace tura kuɗi in sa a mota, kar ka tura. Sai ka riƙe da hannunka ka haska.

8. Sa hannun masu rai

Wannan ne mafi sauƙi kuma shi aka fi sakaci da shi. Sha'iran da ke raye, masu ƙasidun maulidi a zongo, malaman makarantun islamiyya masu tsara waƙa, marubutan da ke zuwa taron ƙaddamar da littafi a Ankara, babban birnin Gana, ka sayi littafin da kuɗinka ka kai musu. Roƙe shi ya sa sunanka, gari da rana, in da hali ya ƙara baiti ɗaya. Ɗauki hoto yana rubutawa. In zaka rubuta masa wasiƙa, ka nuna ka karanta waƙar, kayi tambaya ɗaya takamaimai, ka haɗa da ambulan da kan sarki na amsa. Littafi ɗaya ko biyu, kar ka jibge masa goma ya gane ɗan kasuwa ne kai.

9. Ajiya

Kumasi ba Kano bace, danshinmu kaɗai ya isa ya cinye takarda. Duk sabon abu ka ware shi sati biyu nesa da sauran, ka share shi da buroshi a waje daga tsakiya zuwa gefe. In ka ga ƙananan huji da gari kamar tsaki, akwai ƙwaro a ciki, sa shi a leda ka matse iska ka ɗaure, ka saka a firiza sati guda, in ka fitar kar ka buɗe ledar sai ta kwana ta huce. In unguwarku dumso, wato ɗauke wutar lantarki, yayi yawa kar ka fara, daskarewa da narkewa ya fi ƙwaron ɓarna.

Kowace wasiƙa a buɗe ta, a kwantar tsakanin farar takarda, ambulan ɗinta kusa da ita. Cire duk fil da ƙarfen maƙala takarda, tsatsa suke yi. Akwati ya hau kan kanta, kar ya taɓa ƙasa ko bango saboda gara, kuma ba a ƙarƙashin kwano mai zafi ba. 'Yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, tara su ka zuba a kusurwar akwati. Duk wata ka buɗe ya sha iska a inuwa, musamman da damina.

Gargaɗi uku, kuma ina roƙonka: ba selotef, ba laminatin, ba shanya a rana. Na ga wasiƙa mai shekara sittin da aka kai shagon fotokwafi aka manne ta cikin roba da zafi don a adana, yanzu ba mai iya fitar da ita. In kana son rataya a falo, rataya kwafi. Leda kuma ta ɗan lokaci ce, in ta daɗe a rufe fumfuna zata tashi.

10. Rajista, da maganar fitar da kaya waje

Ka ba kowane abu lamba, ka rubuta ta da fensir a kan takardar da ka naɗe shi, ba a jikinsa ba. A littafinka ka sa lambar, sunan sha'iri, layin farko na waƙar, yawan ganye, tsawo da faɗi, inda ka samu, nawa ka biya, da matsayinsa a gaskiya: hannunsa ne, hannun almajiri ne, ko ana zato. Hotunan ka ajiye su wuri biyu, waya tana faɗawa ruwa.

Da tarinka ya fara suna zaka ga masu zuwa daga waje da dala. Ka sani tsofaffin kayan tarihi basa fita daga Gana sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ka je ofishinsu ka tambaya kafin ka karɓi kuɗin kowa. In kuma gidan da suka baka sun baka ne akan ka adana, to ka koma ka gaya musu tukuna. Sannan ka nuna wa mutum ɗaya a gidanku littafin rajistar da inda makulli yake, ka rubuta a shafin farko waɗanne ne aro da za a mayar da kuma gidan da za a kai su.